Gawon Kyallu

Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau mai ƙaya ce.

Ta zo mu ji ta, Iya, ko da ƙayarta.

Wata mace ce wai ita Kyallu, gidanta na ƙarshen gari, a gindin wani tudu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun koma, sai ɗa guda ya rage mata, sunansa Nomau. A ƙofar gidan akwai gawo, wannan dai gawon da kuka sani, mai farar ƙaya da ke sa ku tsalle in kun fita ba takalmi. A gindinsa aka binne cibiyar Kyallu, saboda haka tare suka girma, yana ce mata 'yar'uwa, tana ce masa ɗan'uwa. Kowa a garin ya san ran da Kyallu ta mutu, ran nan gawon zai zubar da ganyensa. A wancan zamani kuwa gawo kamar sauran itatuwa yake, kore shar da damina, tsirara da rani.

Sai aka yi shekarar yunwa. Sai Nomau ya ɗaure 'yan tsummokaransa zai tafi kudu neman abinci, ya ce da damina zai dawo, in ba wannan ba, to wata. Kyallu ta raka shi har kan tudu. Nan ya tsaya ya kasa tafiya.

Ya ce, "Inna, ina tsoron in dawo in yi sallama, ba mai amsawa."

Ta ce, "In ka dawo, ka tsaya a nan ka dubi gawo. In ka gan shi kore, ina nan, ka sauko. In ka gan shi tsirara ana ruwa, kada ka sauko. Ka koma inda abincinka yake. Ba na so ka yi kuka a kango."

Sai ya tafi. Ita kuwa ta koma gida, ba abin da ta ajiye a duniya sai son ta sake ganin fuskarsa.

Damina ta zo ta wuce, ba Nomau. Ciyawa ta ƙare, akuyar Kyallu ta rame, nono ya ƙafe. Sai Kyallu ta zauna gindin gawo tana hawaye. Gawo ya ce, "'Yar'uwa, me ya faru?" Ta faɗa masa. Sai ya girgiza, ya zubo 'ya'yansa, jajaye masu lanƙwasa. Akuya ta ci ta yi ƙiba, nono ya dawo, Kyallu ta sha ta rayu.

Wata damina ta zo ta wuce, ba Nomau. Sai tari ya kama Kyallu, irin mai hana barci. Ta zauna gindin gawo tana hawaye. Gawo ya ce, "'Yar'uwa, me ya faru?" Ta faɗa masa. Sai ya ce ta sassaƙi ɓawonsa ta dafa. Ta ce ai zai ji ciwo, ya ce ya ji ɗin. Ta sassaƙa, ta dafa, ta sha, tari ya sake ta.

Da damina ta sake kewayowa, ƙafafun Kyallu sun gaji, gona ta yi mata nisa. Sai ta ja jiki ta shuka ɗan geronta nan gindin gawo. Gero ya tsiro, amma inuwa ta danne shi, ya yi rawaya, ya tsaya cak kamar yaron da aka yaye da wuri. Ta zauna tana hawaye. Gawo bai ma tambaya ba, yana gani.

Ya ce, "Bari in zubar da ganyena, rana ta samu geronki."

Ta ce, "In Nomau ya zo fa?"

Ya ce, "In yunwa ta kashe ki, ai zubarwar zan yi. Gara in zubar kina raye."

Kyallu ta dubi tudu, ta dubi gero. Can ta ce to, amma da zarar gero ya fid da kai ya mayar da ganyensa. Sai gawo ya girgiza, ganye ya zuba, ya ruɓe ya zama taki. Rana ta shigo. Gero ya miƙe, ya fi na kowa a garin.

Ran nan da hantsi sai wani makiyayi, Dikko, ya biyo da shanunsa ya roƙi ruwan sha. Yana sha yana ba ta labari, wai shekaranjiya ya ga abin tausayi a kan tudu. Wani baƙo ne ya hau da damin kaya a ka, yana sauri, yana dariya shi kaɗai. Da ya hango wannan itacen sai ya tsaya. Ya sauke kaya, ya durƙusa ya yi ta kuka yana kiran inna. Dikko ya ce ya yi masa magana bai amsa ba, ya juya kudu, ko kayan bai ɗauka ba.

Ƙwaryar da ke hannun Kyallu ta faɗi. Ta ɗauki sanda, ta hau tudun nan da ƙafafun da suka kasa kai ta gona, tana faɗuwa tana tashi. Ta tarar da damin. A ciki akwai dawa da gishiri da zane baƙi na rini, irin wanda ta daɗe tana so. Ta yi ta kiran Nomau har murya ta dishe. Ba mai amsawa.

Ta sauko ta rungumi gawo, ƙaya tana sukarta ba ta ji. Ta ce ya mayar da ganyensa yanzu yanzu. Gawo ya ce ganye ba riga ba ne da za a tuɓe a mayar, amma zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya yi ta ƙoƙari, ya yi ta ƙoƙari, ganye bai fito ba sai bayan girbi, lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu. Ya tsaya shi kaɗai kore shar a cikin rani, ana hango shi daga nesa. Amma wanda ya yi makokin uwarsa, me zai dawo da shi? Kyallu ta ba fatake saƙo, ta ba makiyaya, kudu kuwa da faɗi take. Rumbunta ya cika da gero, ta kasa haɗiye tuwonsa.

Da ta ji ƙarfinta ya ƙare, sai ta yafa baƙin zanen, ta kwanta gindin gawo.

Ta ce, "Ɗan'uwa, roƙo ɗaya ya rage. Da damina ka riƙa zubarwa, don wanda ƙafa ta gaza masa ya shuka a gindinka. Amma in rani ya yi, ko na mutu, ka yi kore."

Ya ce, "'Yar'uwa, in ya zo ai kabari zai tarar."

Ta ce, "Na sani. Amma zai sauko tudun nan da murna. Ka bar masa wannan."

Sai ta cika. Har yau gawo bai saɓa ba, tsirara da damina, kore da rani. Har yau kuma Nomau bai zo ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare a gindin gawo. Ku dai in kun hango abu daga nesa, ko ya tsorata ku, ku ƙarasa ku yi sallama. Share hawayenki, Auta, ku tashi ku kwanta.