Lissafin Damina

Ma'aji ake kiransa, ko bayan ya bar aiki. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da makullin sito a wani kamfanin kayan gini, kuma ba a taɓa samun ƙusa ɗaya ta ɓace a hannunsa ba. Mutum ne mai tsabta, mai sauƙin kai, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ɗaya ne: bakinsa bai iya furta "na yi kuskure" ba. In ya buga lissafi ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa, to magana ta ƙare, ko da kuwa lissafin ne ya karkace.

Hanyarsa ta zuwa aiki tana bi ta gefen wani fili inda masu dawaki ke motsa dabbobinsu da safe. Kullum sai ya rage gudun babur ya kalle su. Da aka biya shi kuɗin sallama, kuma 'ya'yansa duk sun girma sun kama gabansu, sai ya shiga ɗakin da matarsa ke ɗinki ya ce mata zai sayi doki.

Ta ɗauke ƙafa daga kan keken. "Baban yara, ba sayen nake tsoro ba. Saye rana ɗaya ne. Cinsa fa?"

"Mai ɗinki, kin manta wa kika aura?"

Suka yi yarjejeniya: dokin ba zai ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fanshonsa ba a kowane wata. Sauran na gida ne.

Ma'aji bai yi gaggawa ba. Ya ɗauki littafi da biro ya je wurin mai sayar da dokin, ya ce a gaya masa duk abin da aka kashe wa dabbar a watan da ya wuce. Mutumin ya gaya masa gaskiya. Ma'aji ya rubuta kuɗin ciyawa, da na dusa, da gishirin lasa. Maganin tsutsa duk wata uku ake bayarwa, sai ya raba kuɗinsa gida uku. Ya sa ladan mai gyaran kofato, da allurar rigakafi, har sabulu da igiya bai manta ba. Ya ƙara kashi ɗaya cikin goma don abin da ba a zata ba. Jimillar ba ta kai iyakar da suka yanka ba. Ya ninka ta sau goma sha biyu, ya ja layi biyu.

Abu ɗaya ne ya tsallake masa. Watan da ya tambaya tsakiyar damina ne, lokacin da masu yankan ciyawa ke bin gidaje suna roƙon a saya. Shi kuwa duk rayuwarsa siminti da rodi ya ƙirga, kayan da ba ruwansu da ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Ya kafa barga a bayan gida, ya kawo farin doki mai ratsin toka, ya sa masa suna Kili. Takardar lissafin kuma ya manna ta a ƙofar bargar.

Ƙanin matarsa manomi ne, gonarsa tana da tazarar awa biyu a mota. Shi ne ɗan autan gidansu, don haka Auta ake ce masa duk da furfurar da ta fara fito masa. Ya zo ganin doki, ya tsaya yana karanta takardar.

"Yaya, wannan na wane wata ne?"

"Na kowane wata."

"Wannan lissafin damina ne. Bari ƙasa ta bushe ka gani."

"Kai da kake ƙirga buhunan masararka da yatsun hannu, ni za ka gyara wa lissafi?"

"In yatsun hannu suka ƙare ina da na ƙafa."

Mai ɗinki ta yi dariya. Dariyar ce ta sosa wa Ma'aji rai. Ya buga takardar da bayan hannu ya ce, "Ranar da dokin nan ya ci fiye da abin da ke rubuce a nan, ka zo ka kwance shi ka tafi da shi."

"Na karɓa," in ji Auta. "Yaya mace, ke ce shaida."

Auta da yayarsa wasa suka ɗauki maganar. Ma'aji kaɗai ne ya riƙe ta a zuci.

Wata biyu aka yi cikin daɗi. Da sassafe Kili kan yi haniniya in ya ji ƙarar ƙofar baya. Ma'aji ya share bargar, ya goge masa jiki, ya taje masa geza, sannan ya hau su zaga filin nan da ya shekara talatin yana kallo daga nesa. Tumbin Ma'aji ya ragu, barcinsa ya daidaita. Matarsa takan kawo masa shayi har bargar, ta tsaya tana shafa goshin dokin tana cewa, "Kai ka ƙwace mini miji, amma na yafe maka."

Sai ruwa ya ɗauke. Masu ɗanyar ciyawa suka daina zuwa. Aka koma sayen harawa, wato busasshen ganyen wake da ake ɗaurewa dami-dami. A watan farko kuɗinta ya ninka na ciyawa. A wata na uku ya ninka sau uku. Ma'aji ya zauna da littafinsa, ya buga ta sama ya buga ta ƙasa, amsa ɗaya take fitowa. Ya gane inda ya kauce tun a zaman farko. Ya rufe littafin bai gaya wa kowa ba.

Da kansa ya fara. Ya daina sayen jarida, ya jingine babur ya koma tafiya a ƙasa, ya ce wa matarsa motsa jiki yake yi. Bai isa ba. Mai gyaran kofato ya zo, ya ce masa ya dawo wani watan. Lokacin maganin tsutsa ya yi, ya tsallake. Duk da haka bai isa ba. Sai ya rage harawar zuwa rabi, daga baya zuwa ɗan abin da zai cika hannu biyu. Gurbin ya cike shi da dusa mai arha daga wurin mai injin niƙa, irin wadda ake sharowa daga ƙasa, ya riƙa zuba wa dokin ita a bushe, kwano bayan kwano. Kili yana ci da marmari. Ma'aji ya riƙa gaya wa kansa cewa dabbar da ke ci haka ba ta da damuwa.

A kusurwar bargar ya jera buhunan dusar, ya rufe su da tamfol, ya ɗora damin harawa uku a gaba. Wanda ya leƙo sai ya ɗauka harawa ce cike har bango.

Wata rana Auta ya biyo. Tun daga ƙofa yake cewa, "Na zo duba dokina." Da ya shiga bargar sai murmushin ya bar fuskarsa. Ya bi haƙarƙarin Kili da tafin hannu.

"Ya rame, Yaya."

"Zafi ne. Kowa ma ya rame."

Auta ya sassauta murya. "In da matsala ka faɗa mini. Ba sai Yaya mace ta ji ba."

Maganar ta zo wa Ma'aji har maƙogwaro. Daga cikin gida ana jin ƙarar keken ɗinki. Ya dubi takardar da ke ƙofa, rana ta kodar da tawadarta.

"Babu wata matsala," ya ce. "In ka ga ta wuce lissafi, ai ni zan kira ka."

Bayan kwana goma sha biyu, ya buɗe ƙofar baya da safe bai ji haniniya ba. Kili na tsaye yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, jikinsa jiƙe da gumi. Dusar jiya tana nan a kwano. Ma'aji ya kira likitar dabbobi, ta iso cikin awa guda. Mace ce mai ƙarancin magana. Ta sa abin saurare a cikin dokin, ta duba dasashinsa. Mai ɗinki na tsaye a gefe riƙe da bokitin ruwa.

"Baba, me yake ci?"

Ma'aji ya saci kallon matarsa. "Harawa. Dami biyu kullum. Da ɗan dusa kaɗan."

"Maganin tsutsa fa?"

"A kan lokaci."

Likita ta dubi damin da ke kusurwa, ta gyaɗa kai. "To, mai yiwuwa iska ce ta taru masa. Yakan faru." Ta yi wa dokin allurar rage zafi, ta ce a hana shi abinci, a riƙa zagayawa da shi a hankali, a kira ta in bai yi kashi ba. Tana da wata gona da ke jiranta a bayan gari, ta tafi.

Allurar ta kwantar da Kili, sai Ma'aji ya ji sanyi a ransa, ya ce ƙila abin ya wuce ba tare da an tona shi ba. Ya yi ta jan ragama yana zaga tsakar gida har rana ta take. Bayan azahar ƙarfin allurar ya sake. Dokin ya zube, ya fara birgima yana buga kai a ƙasa, cikinsa ya kumbura ya yi tauri.

Kafin likita ta dawo an yi awa guda da rabi. Ta durƙusa ta taɓa cikin, ta ɗago ta dubi Ma'aji sosai.

"Baba, wannan ba iska ba ce. Hanji ne ya toshe. Zan sake tambayarka, kuma ransa na kan amsarka. Me yake ci?"

Ma'aji ya juya ya nufi barga. Ya taka zuwa kusurwa, ya sauke damin nan uku, ya yaye tamfol. Buhunan dusa suka bayyana.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Harawar ba ta fi cikin hannu biyu ba a rana. Maganin tsutsa ma ban ba shi ba."

Likita ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce a riƙe mata kan dokin, ta ciro doguwar roba ta zura ta hancinsa har ciki, ta fara ɗura ruwa da mai. Tana aikin ta ce, "In Allah ya tashe shi, harawa mai kyau kaɗai zai ci, har sati shida." Mai ɗinki ta ajiye bokitin ta shiga gida, ta ɗan jima, ta dawo ta kama ragama tare da mijinta.

An sa wa Kili ƙarin ruwa a jijiyar wuya. An tashe shi sau biyu, yana komawa. Ma'aji ya zauna a ƙasa ya ɗora kan dokin a cinyarsa yana kiran sunansa. Bayan la'asar kaɗan numfashin ya tsaya.

Likita na haɗa kayanta, Ma'aji ya tambaye ta, "Da na faɗa miki da safe fa?"

"Ba zan ce lallai da ya rayu ba, Baba. Amma da ban tafi ba. Da mun sami awa shida."

Gab da magariba sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Motar ɗaukar kaya ce, an lafta mata harawa har ta fi kan direba tsawo, an ɗaure da igiya. Auta ya diro yana kakkaɓe riga, yana magana tun daga waje.

"Ina ma'ajin da lissafi ya ci? Ku buɗe mini babbar ƙofa, wannan za ta kai shi har ruwa ya sauka, kuma ba na karɓar..."

Ya shigo, ya ga abin da ke kwance a tsakar gida.

Ma'aji ya dubi motar, ya dubi matarsa.

"Ni na kira shi," ta ce. "Lokacin da na shiga ciki. Ko minti biyu maganar ba ta kai ba."

"Tun watan da ruwa ya ɗauke na san lissafin bai yi daidai ba," in ji Ma'aji. "Na yi kuskure, Mai ɗinki."

Ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta ɗora hannu a kan gezar dokin inda nasa hannun yake. "Na san ba ka so shi da yunwa ba, Baban yara. Amma da ka bari mun ɗauki nauyin tare."

Auta ya fita ya kashe motar. Ya dawo ya naɗe hannun riga, ya tambayi yayarsa inda suke ajiye shebur.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk wanda zai ɗauki nauyin abu mai rai, kada ya auna ƙarfinsa da watan sauƙi; ya tambayi abin da watan tsanani ke ci, domin dabba ba ta daina jin yunwa don farashi ya tashi. Amma kuskuren lissafi ba shi ya kashe Kili ba, kowa yana iya yin irinsa. Ɓoye kuskuren ne ya kashe shi. Idan ka gane ka kauce, ka faɗa da wuri, tun gyaran yana da arha, kuma ka faɗa wa waɗanda ke kusa da kai. Kunyar da kake gudu ta ɗan lokaci ce, kuma sau da yawa wanda zai biya kuɗin shirunka shi ne wanda ba shi da bakin yin ƙorafi.