Yalwa da Mai Gatari

To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata tsohuwa ce ana ce mata Yalwa. Bayan garinsu akwai kurmi, da 'yar hanya da ta ratsa shi har rafi. Kullum da safe sai ta bi hanyar, ta kawar da ƙaya, ta tsinci kaɗanya, ta zauna a inuwa tana sauraron tsuntsaye.

Ran nan sai ga wani baƙo, Barmo mai gawayi, da gatari a kafaɗa. Ya nufi wata kaɗanya. Sai Yalwa ta riga shi, ta jingina da gindinta.

Ya ce, "Iya, tashi."

Ta ce, "Ɗan nan, sai dai ka fara da ni."

Sai ya yi dariya, ya kewaye ta, ya sare tsamiyar da ke bayanta. Yalwa ta ji faɗuwar har cikin ƙirjinta. Ran nan ko tuwo ba ta ci ba.

Kashegari ta zo da ƙawayenta biyu, kowace ta kama itace guda. Barmo ya ce, "Sannunku da hutawa." Sai ya wuce su, ya kayar da ɗorawa.

Sai Yalwa ta ɗaura ɗamara, ta bi gari gida gida.

"Delu, da me za ki yi daddawa baɗi?"

"Tanimu, a ina za ka rataye amyarka ta zuma?"

"Makiyaya, ina shanunku za su sha inuwa in rana ta take?"

Kowa ya ce, "Gobe da mu za a je kurmin."

Rana ta uku Barmo ya zo yana fito. Ya nufi kanya, sai ga yara a kanta. Ya nufi marke, sai ga mai magani a gindinsa. Ya juya wajen kuka, sai ga mai gari ya shimfiɗa buzu. Ya zaga kurmin kaf, bai sami itacen da ba mutum ba.

Sai ya yar da gatari, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Iya, kin ci. Amma ni me 'ya'yana za su ci?"

Ta ce, "Busasshen itace naka ne, kwashe. Ɗanye kuwa, Tanimu zai nuna maka yadda ake cinsa yana tsaye."

Tanimu ya ce, "Ina da amya biyu a ajiye. Gobe ka zo."

Sai mata suka rangaɗa guɗa, har tsuntsaye suka tashi. Damina na sauka aka yi gayya, aka dasa itatuwa gefen hanya har rafi. Barmo ne ya fi kowa haƙa rami. Zumarsa ta fari kuwa, gidan Yalwa ya kai ta.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare ke nan. Itacen da kuka sha inuwarsa, ku tsaya masa ranar da gatari ya zo.