Giwa a Ƙofar Kwaɗo

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Wata shekara aka yi fari, ruwa ya ƙafe ko'ina sai ɗan kududdufin Kwaɗo. Giwa ta iso, ƙishirwa ta ci ƙarfinta, Kura na biye da ita. Ta tsaya a bakin ruwa ta yi sallama. Shiru. Kwaɗo na cikin laka, ya rungume 'ya'yansa don tsoro.

Kura ta ce, "Ranki ya daɗe, wa kike jira? Taku ɗaya, gidan ya zama naki!"

Giwa ta ce, "Kowa a gidansa sarki ne. Ƙarfi zai ba ni ruwan, amma ba zai mai da shi nawa ba."

Ta yi sallama ta biyu, ta yi ta uku. Shiru. Sai ta juya tana tangaɗi.

Kwaɗo ya leƙo da ƙwalla a ido. "Wa alaikumus salam, baiwar Allah, dawo ki sha! Tun da nake, ba wani babba da ya taɓa jiran amsata."

Giwa ta zura hanci a hankali, kada ta firgita yara. Kura ma ta kai baki.

Kwaɗo ya ce, "Ke kam ban ji sallamarki ba."

Kura ta dubi Giwa, ta yi sallama.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu!