Nomau da Jakinsa Ɗanlele

Ku matso kusa, ku bar ture-ture. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne.

Wani mutum ne ana ce masa Nomau. Sana'arsa ɗiban yashi a rafi, yana kai wa magina. Yana da ɗa guda, Tanimu, ko famfara bai gama ba. Rannan sai Nomau ya je kasuwa ya sayo ɗan jaki fari tas, mai manyan idanu. Sai ya sa masa suna Ɗanlele.

Da gari ya waye suka tafi rafi su uku. Nomau ya cika mangala da yashi. Ya dubi jaki, ya dubi yaro. Sai ya ce, "Kai, jakin nan bai yi ƙwari ba. In na aza masa kaya yanzu, bayansa zai lalace." Sai ya juye yashin a buhu, ya ɗora wa Tanimu. Jaki na gaba yana tsinkar ciyawa, yaro na baya yana nishi.

Kullum haka, kullum haka.

Rannan sai suka gamu da malamin makaranta a hanya.

Malamin ya ce, "Malam Nomau, yaron nan ya isa shiga aji."

"In ya shiga aji wa zai ɗauki yashi?"

"Ga jaki."

"Haba Malam, da iliminka! Jakin nan fa yaro ne."

Malamin ya riƙe baki, ya wuce.

Rannan kuma sai Tasalla, uwar Tanimu, ta ce, "Maigida, yaron nan da loma a hannu yake barci. Tsaransa na dandali suna langa, shi ko leƙawa bai taɓa yi ba. Ka bar masa ko Juma'a ya huta."

Nomau ya ce, "Juma'a ai ranar wankan Ɗanlele ce. Wa zai ɗebo ruwa?"

Tasalla ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ana nan sai suka bi ta ƙofar tsoho Barmo mai ɗori. Tsohon ya tsai da Tanimu, ya shafa bayansa, ya kara kunne a ƙirjinsa. Sai ya ce, "Nomau, ƙashin yaro ɗanye ne. Bayan nan ya fara lanƙwasa, ga tari ya zauna a ƙirji. In ba ka sauke masa kaya ba, haka zai tabbata."

Nomau ya ce, "Madalla da na gan ka, Baba. Duba mini kofaton Ɗanlele, jiya na ga kamar yana ɗingishi."

Shekaru suka yi ta wucewa. Ɗanlele ya yi ƙiba, gashi na sheƙi, wuya kamar turmi. Tsaran Tanimu suka miƙe, suka zama samari, wasu har da gemu. Tanimu kuwa yana nan ɗan guntu, a duƙe, in ya buɗe baki sai tari.

Wata damina Nomau yana haƙar yashi a ƙarƙashin gaɓa, sai gaɓar ta rufto masa a ƙafafu. Ga shi an yi ruwa a gabas, rafi ya fara kawowa. Tanimu ya sa hannu ya yi ta tono har ya jawo uban. Ƙafa ɗaya ta karye.

Nomau ya ce, "Jawo Ɗanlele! Yau ce ranarsa."

Ya ja ciki, ya rarrafa, da ƙyar ya hau. Shi kuwa Ɗanlele tun da yake, ban da shafa, bai taɓa jin komai a bayansa ba. Sai ya yi kuka, ya yi tutsu, ya watsar da Nomau, ya haye tudu ya ci gaba da kiwonsa.

Nomau ya ce, "To kai goya ni."

Tanimu ya duƙa, uban ya kama kafaɗarsa. Tanimu ya yunƙura, bayansa ya ƙi miƙewa. Sai suka zube tare.

"Ruga gari ka kira mutane!"

Tanimu ya fara gudu. Bai yi nisa ba tari ya sarƙe shi, ya durƙushe yana neman numfashi. Ruwa ya kawo wa Nomau ƙugu. Ruwa ya kawo masa ƙirji. Sai ya yi ta kururuwa.

Allah ya sa wasu samari na dawowa daga gona, suka ji. Ɗaya ya faɗa ruwa ya saɓo Nomau kamar damin gero. Ɗaya ya ɗaga Tanimu da hannu guda, ya ce, "Wannan ɗan yaron na wane ne?"

Tanimu ya ce, "Ni ne Tanimu. Rana ɗaya aka yi sunanmu da kai."

Saurayin ya sauke shi a hankali.

Barmo ya yi ɗori, ƙafa ta kama, amma a karkace. Da Nomau ya fara takawa da sanda, sai ya ja Ɗanlele kasuwa. Mai saye ya zagaya jakin, ya shafa nan, ya shafa can. Sai ya ce, "Kai! Ko tabo babu a bayansa. Malam, ka iya reno. Lalle 'ya'yanka sun ji daɗin duniya."

Nomau ya miƙa masa igiyar jakin, ya juya.

Ya dawo gida ya tarar da Tanimu yana ɗinke buhun yashi. Sai ya karɓe buhun, ya ce, "Tanimu, daga yau babu kaya. Je ka yi wasa."

Tanimu ya tafi dandali. Ya tarar da yara na langa, suna tsalle da ƙafa ɗaya, suna shewa. Ya tsaya a gefe yana kallo. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo gida, ya tsaya gaban uban.

Ya ce, "Baba, yaya ake yi?"

Nomau ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare a nan. Ku da za ku girma ku haifi naku, ku riƙe wannan: yaro na da lokacin wasa da karatu, in aka cinye masa shi da aiki, ba a sayo wani a kasuwa. To, kowa ya kakkaɓe rigarsa, a je a kwanta.