Wayar da Ciyaman Ya Zaɓa

A wata masana'antar fenti da ke bakin kogi akwai wani mutum da kowa ke kira Ciyaman, domin shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata. Ba mugu ba ne, wannan dole in faɗa. Ba ya tsoron Manaja, kuma in ya ɗauki alkawari yana cikawa. Cutarsa ɗaya ce, son a gani. Ko biro zai saya, sai ya nemi wanda zai yi ƙyalli a aljihun gaba.

Ranar da tsohuwar wayarsa ta faɗa cikin bokitin fenti, sai ya ɗauki yayarsa, wadda ke koyar da kwamfuta a wata kwaleji, suka nufi shagon waya. Ta sa aka fito da wata baƙar waya marar kwalliya.

"Ɗauki wannan," in ji ta. "Manhajarta a buɗe take, duk mai ilimin abin zai iya duba cikinta ya ga me take yi. Abin da bai yi maka ba, ka goge shi."

Ciyaman ya jujjuya ta kamar an ba shi guntun sabulu. Tuni idonsa ya tafi kan wata mai ruwan zinariya.

"Haba Yaya, in fito da wannan a taro? Ai sai a ce ƙungiya ta tsiyace."

"Waccan ta zo da manhajojin da ba sa goguwa, kuma a rufe suke. Ko ni ba ni da hanyar sanin inda suke kai abin da suka tara."

"Ni ba ɓarawo ba ne, me zan ɓoye?"

"Kai ba ka da abin ɓoyewa. Masu kawo maka kukansu fa?"

Ya yi dariya, ya sayi mai zinariyar. Tun a shagon wayar ta fara neman izini, na sanin inda yake, na lambobin mutanensa, na hotuna. Ya dinga danna amincewa da babban yatsa yana hira da mai shago. Yayarsa ta ɗauki jakarta ta yi gaba.

Ba a daɗe ba, wata mata da ke aikin gwajin ruwa a masana'antar ta tare shi a bayan sito. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da 'ya'yanta da tsohuwarta. Ta gaya masa ana zuba gurɓataccen ruwa a kogi, ana kuma tilasta mata ta sauya sakamakon gwaji.

"Amana zan ba ka, Ciyaman. In sunana ya fito, na shiga uku."

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Ba wanda zai ji a bakina."

Suka shirya su riƙa haɗuwa ranar hutunta, a kan bencin wani asibiti da ke ƙetaren gada, inda take kai tsohuwarta gashin ƙafa. Ciyaman ya yi taka-tsantsan iya saninsa. Yakan bar motarsa a gida ya hau bas, ko matarsa bai gaya wa ba. Wayar kuwa tana aljihunsa duk inda ya sa ƙafa.

Daga nan abubuwa suka fara ba shi tsoro. Sai ya ji wayar ta yi ɗumi a cinyarsa alhali bai taɓa ta ba. Caji ba ya kai ta la'asar. Tallan maganin ciwon ƙafa ya fara fito masa, shi da ƙafarsa lafiya lau. Ya ce a ransa ai sabon abu ne, sai a hankali.

Wata safiya Manaja ya tsayar da shi a kan matakala, ya riƙe hannunsa bai saki ba.

"Ciyaman, jiki dai lafiya ko? Na ji ana yawan ganinka a asibitin ƙetaren gada."

Yana maganar yana murmushi. Ciyaman ya zare hannunsa ya wuce. Da aka tashi aiki bai tsaya ko'ina ba sai ofishin yayarsa. Ta jona wayar da kwamfutarta, ta daɗe tana dubawa.

"Tana ta aika saƙo waje ba hutu," in ji ta. "Abin da take aikawa ban iya gani. Amma akwai masu tara irin wannan bayani su sayar wa duk wanda ya nema. Wanda ya san inda kake zuwa, ya kuma san ranar hutun ma'aikatansa da mai jinyar tsohuwa a cikinsu, me ya rage masa?"

Ya kira mai gwajin ruwan har ya gaji, ba ta ɗauka ba.

Washegari ya same ta a bakin get, masu gadi biyu sun sa ta a tsakiya, tana rungume da kwalin kayanta. An fasa durowarta, an kwashe takardun gwaji na gaskiya da ta ɓoye a ciki, an kore ta da sunan satar sirrin kamfani. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ta dube shi.

"Me suka ba ka, Ciyaman?"

"Wallahi tallahi ban gaya wa kowa ba."

"Mu biyu muka sani. Ni dai ban faɗa ba."

Ta gyara riƙon kwalinta ta wuce. Gaskiya ya faɗa, kuma har yau babu ma'aikaci ɗaya da ya yarda da shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, waya ko kwamfuta ba kayan ado ba ne kawai. Kafin ka saya, tambayi abin da take yi a bayan idonka, ka fifita wadda manhajarta ke buɗe, wadda za a iya bincikawa, kuma kai ke da ikon hana ta abin da ba ka so. Kada ka ce ba ka da abin ɓoyewa. Sirrin da ke aljihunka ba naka kaɗai ba ne, kuma in ya fita, sau da yawa wanda ya amince da kai ne zai sha wahalar.