Bayan Ramin Farar Ƙasa Ya Rufta

Tun da an shafa addu'a, ku ɗan dakata. Ni ma na binne nawa a bana, na san nauyin abin da mamaci yake bari. Ku saurara, sannan ku yanke hukunci.

An yi wata mata, Kuluwa, matar Malam Barau. Shi Malam mahaddaci ne, kuma da hannunsa yake yin takardarsa. Ya jiƙa ɓawon rama da tsummoki, Kuluwa ta daka, ya dama da farar ƙasa, ya tace a rariya, ya shanya. Farar ƙasar nan ita ke cike ƙofofin takarda, ta yi fari, ta riƙe tawada.

Da tsufa ya zo, sai ya ɗauki alƙalami zai rubuta Alƙur'aninsa na ƙarshe da ka. Ya kusa kammalawa damina ta rufta ramin farar ƙasa. Ga ido ya fara dushewa, ga ciwo ya kwantar da shi. Takardar kanti kuwa ya ƙi ta, ya ce ba ya gauraya ta da tasa. Aka yi wata takardar ba farar ƙasa, ta fito duhu-duhu, bai ga abin da yake rubutawa ba.

Kuluwa ta tara 'ya'yansu uku, ta ce, "Ubanku ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa ya tafi ya bar aikin nan a buɗe."

Mudi, ɗan farinta da ba ta faɗin sunansa, ya bar gonarsa ciyawa ta cinye. Ya bi masu shayi yana tsintar ɓawon ƙwai, yara na yi masa dariya. Ya wanke, ya niƙa, aka zuba a madadin farar ƙasa. Takarda ta fito fara fat, Malam ya ga baƙi a kanta. Amma da ya ɗaga ta sai ta karye.

"Kuluwa," in ji shi, "takarda kuka kawo min ko ƙanzo?"

Lantana, 'yarsu, ta baro ɗakin mijinta da goyo a baya. Ta ce, "Baba, garin ne ba shi da abin da zai kama." Ta jiƙa rogo, ta tace sitaci, ta dama kamar koko, ta yi ta gwadawa har hannunta ya saluɓe. Takarda ta yi ƙarfi, a lanƙwasa ta ba ta karyewa. Sai dai tawada tana ratsawa baya, Malam kuwa ciki da baya yake rubutu.

Saura auta, Jatau. Ya tafi wurin masu casar shinkafa, ya kwaso ƙaiƙayi, ya ƙona shi har tokar ta yi fari, hayaƙi ya bar masa tarin da yake fama da shi har yanzu. Ya tankaɗe, ya ƙara kaɗan. Tawada ta tsaya inda aka ajiye ta.

Malam ya rubuta, Kuluwa na tallafe da kafaɗarsa, har ya kai aya ta ƙarshe. Ya miƙa mata gafakar Alƙur'anin, ya ce, "Wannan ba gado ba ne, amana ce. Ki ba wanda ya sa na gama. Kada a raba ko warƙa ɗaya." Bai ga wata Juma'a ba.

Irin wannan Alƙur'ani ba a ɗinke yake ba, raba shi uku ba wuya, amma an hana ta. Ta gama takaba, gafaka na kan cinyarta, 'ya'ya uku na zaune gabanta, babu wanda ya roƙa, babu kuma wanda ya ce ya yafe.

To, jama'a, da wanda ya sa tsoho ya gani, da wadda ta sa takarda ta rayu, da wanda ya tsayar da tawada, a hannun wa Kuluwa za ta ajiye gafakar nan?