Alƙalamin da Ya Hana Gari Rijiya

Ya 'yan uwa, ɓarawon da ke haura katanga ya fi ɓarawon alƙalami mutunci.

An yi wani mutum a Ƙofar Kuyambana, malamin ƙidaya. Shekarar da aka ƙirga mutane, aka tura shi wani ƙaramin gari yamma da Zariya. Ya sa rai da rago, dagaci ya yanka masa zakara. Ya ci, ya wanke hannu, ya ƙulla abin a ransa. Mutum dubu biyu ya ƙirga, ya rubuta ɗari uku. Mutanen garin suka raka shi har rafi suna sa masa albarka, a zatonsu sauƙin haraji ya nema musu.

Bayan shekara biyu gwamnati ta aiko da kuɗin rijiyoyi daga Ikko, a raba bisa girman gari. Birni ya sami kaso babba, matsakaitan garuruwa suka sami nasu. Wanda bai kai mutum dubu ba, aka ce ya jira. Rijiya guda ma a ƙofar gidan mutumin aka gina ta, da siminti.

Garin nan ya ci gaba da shan tafki tare da shanu. Kurkunu ya kwantar da manoma a tsakiyar damina, gonaki suka zama ciyawa.

Wata tsohuwa 'yar garin, Sailuba, mai 'ya'ya uku a kwance, ta tako da ƙafa har zaurensa, ta durƙusa ta roƙe shi ya gyara takarda. Ya ce abin da aka rubuta ya bushe. Ta nemi ruwa, ya ce guga na cikin gida.

Ta miƙe ta ce, "Malam, Allah ya shayar da kai abin da muke sha."

Kuna zaton wannan addu'a tana faɗuwa ƙasa?

Ba a daɗe ba ya saɓa da shugabansa. Shugaban ya ce a duba littafi, a tura shi garin da ya fi kowane ƙanƙanta. Aka duba. Rubutun hannunsa ne ya zaɓa masa.

Wanda ya rage wa jama'a rabonsu, kansa ya haƙa wa rami. Allah ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin talakawa.

Shi kuwa rani guda ya sha tafkin. Kurkunu tara suka fito masa, gwiwoyinsa suka ƙage, aka mayar da shi gida. Yana nan yana jan gindi a ƙofar gidansa, bai iya miƙewa ya ja guga a rijiyar.